Darasi na Bakwai: Duba Kekenka Kafin Ka Hau

Da yawanmu a Kano keke ne ƙafarmu. Da shi ake kai kaya Kantin Kwari, da shi ake zuwa aiki Sharaɗa. Amma sai ka ga mutum ya fito da sassafe ya haye kawai, ko birki bai taɓa ba.

Da birki za ka fara. Riƙe kan keken, ka matse birkin gaba, ka tura. In tayar ta juya, birkin bai kama ba. Yi haka da na baya. Sannan ka tsuguna ka dubi robar birki. In ta cinye har ƙarfe ya fara gogar wili, canja ta yau, kada ka ce sai gobe. Na taɓa ganin wani dattijo yana gangarowa daga gadar Ƙofar Nassarawa yana jan silifas a kwalta don ya tsaya, ga Adaidaita Sahu a gabansa. Allah ne kawai ya kiyaye. Da damina kuma wili yakan jiƙe, birki ba ya kamawa da wuri, sai ka fara matse birkin tun daga nesa.

Danna taya da babban yatsa. In ta lotsa, sai ka ba ta iska. Taya marar iska tana gajiyar da kai, kuma in ka faɗa rami wili zai datse tub, ka ƙare a wurin mai faci. Juya ta a hankali ka cire ƙusa ko fasasshiyar kwalba.

Kaca ita ce ke shan wahalar hunturu. Ƙura takan haɗu da mai ta zama kamar yashi, ta riƙa cin ƙarfe. Wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ka bari ta bushe, ka ɗiga mai kaɗan, ka goge da tsumma. Kada man ya taɓa wili ko robar birki.

Ɗaga keken kaɗan ka sake shi ƙasa. Inda ka ji ƙara, noti ne ya kwance, ɗauko sifana ka ɗaure. In za ka kai dare, ka tabbata fitila na ci.

Aiki: Rubuta sunayen sassan keke 5. Gobe da safe ka gwada birkinka, ka zo aji ka faɗa mana abin da ka gani.