Yadda zaka riƙe sabon tuba kada ya rikice a hanya

Toh ranar da wani ya karɓi Yesu a coci kowa murna yake, amma bayan sati biyu uku sai kaga an watse an barshi da tambayar da ke hana shi barci, wai yanzu ni wanene? Lewis Rambo, masanin halayyar ɗan adam da ya daɗe yana nazarin tuba, a 1993 ya lissafa matakai bakwai, tun daga gidan da mutum ya taso, da damuwar zuci, da nema, har abin da ke biyo baya bayan ya miƙa kai. Kenan addu'ar da yayi gaban fasto bata gama aikin ba.

Fara da saurare. Barshi yayi tambaya ko da mai nauyi ce, kada ka ce masa rashin bangaskiya ne. James Marcia, shima masanin halayyar ɗan adam, a 1966 ya bambanta wanda ya rungumi abu bayan ya bincika da wanda ya karɓa kawai don an miƙa masa, kuma ni a ganina na biyun shine iska kaɗan ke kayarwa.

Sai ka zama mutuminsa na gaske, wannan ne ya fi damuna don nan muke sakaci. Lofland da Stark, masana zamantakewa, sun bi wata ƙaramar ƙungiyar addini a Amurka, a 1965 suka nuna cewa shaƙuwa da mutane na cikin abin da ke sa mutum ya shiga ya zauna. Ko manzo Bulus ai da ya zo Urushalima bayan ya tuba tsoronsa almajirai suka ji sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kaishi wurin manzanni. Ka kira sabon tuban cin tuwo, ka rakashi zumunci, ka neme shi ranar Laraba ba sai Lahadi ba.

Dan Allah kada ka matsa masa ya canza suna ko ya raina inda ya fito, iyayensa iyayensa ne, ka ƙarfafa shi ya cigaba da gaishe su in akwai hali. Kada kuma ka yi saurin miƙa masa makirfo ya bada shaida, musamman in hakan zai jawo masa matsala a gida.

In kuma kaga ya daina cin abinci, baya barci, yana maganar gara ya mutu, ku yi addu'a amma a ranar ka rakashi wurin likita.