Yadda Za Ka Bi Sawun Tarihin Makasar a Yini Ɗaya

Kafin ka fita daga masauki, ka buɗe taswira ka duba inda birnin yake, domin daga nan rigimar da ta auku tsakanin Turawan Holan da masarautar Gowa ta samo asali. Makasar tana gaɓar kudu maso yammacin tsibirin Sulawesi na Indonesiya, a bakin mashigin tekun da ya raba tsibirin da Borneo, kuma a nan jiragen da suka ɗauko kanumfari daga tsibiran Maluku suke yada zango. Kamfanin VOC na Holan, wanda aka kafa a 1602, ya so ya zama shi kaɗai ke sayen kayan ƙamshin yankin, sarakunan Gowa masu mulkin Makasar kuwa suka bar tasharsu a buɗe ga Malawa da Turawan Fotugal da na Ingila.

Ka fara da kufan Somba Opu da sassafe, kusa da bakin kogin Jeneberang, ko da yake yawancin baƙi ganuwar Rotterdam ta cikin gari suke fara nufa. A ganina wannan kuskure ne, domin sun fara da gidan wanda ya ci yaƙi tun ba su ga abin da ya rusa ba. Somba Opu ce cibiyar mulkin Gowa, kuma ba ta faɗi ba sai a 1669, shekara biyu bayan an tilasta wa Sarki Hasanuddin sa hannu a yarjejeniyar Bongaya ta 1667. Ka tuna cewa Cornelis Speelman, kwamandan rundunar VOC, bai ci wannan yaƙi da sojojinsa kaɗai ba, ya dogara ne ƙwarai da mayaƙan ƙabilar Bugis ƙarƙashin jagoransu Arung Palakka.

Daga nan ka wuce unguwar Katangka, inda tsohon masallacin masarautar yake. Kabarin Hasanuddin yana nan kusa, haka ma hubbaren Shehu Yusuf, malamin da Holan ta kai gudun hijirar dole Sirilanka, sannan Afirka ta Kudu a 1694, inda ya rasu a 1699.

Sai da rana ta yi sanyi za ka shiga ganuwar Rotterdam, wadda asali ta Gowa ce kafin Speelman ya laƙaba mata sunan garin haihuwarsa. Ka hau saman bangon ka zagaya, za ka lura an yi ta ne da siffar kunkuru mai fuskantar teku. Ka nemi ɗakin da aka tsare Yarima Diponegoro, jagoran yaƙin Jaba na 1825 zuwa 1830, wanda ya rasu a tsare a 1855.

Idan ka ci karo da sunan Ujung Pandang a tsofaffin takardu kada ka ruɗe, shi ne sunan birnin a hukumance daga 1971 zuwa 1999. Ka kuma guji watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan sama ya fi tsanani.