Yadda Na Canza Sitiyarin Corolla Ta da Hannuna

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, kuma tun da na saye ta a waje take kwana, a waje take wuni. Ranar Kano ta ci saman sitiyarin har robar ta fara ɓarewa tana manne mini a tafin hannu. Na sa masa riga irin wadda ake sayarwa a bakin titi, sai wata rana ina shan kwana na ji rigar ta juya ta bar sitiyarin a inda yake. A ranar na cire ta. Na shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na samo sitiyari ɗan Beljiyam mai naɗin fata, na ɗaura shi da kaina wata Asabar bayan la'asar, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

Tun a kasuwa aikin yake farawa. Ka ɗauki hoton sitiyarinka, ka nemi wanda zubinsa ɗaya da naka, domin jakar iskar motarka, wadda makanikai suke kira eyabag, mai buɗewa ta tare direba idan an yi hatsari, ta zauna a cikinsa daram. Ni tawa ta asali na mayar. Jakar da ta zo a jikin na gwanjo ba ka san ruwan da ta sha ko hatsarin da ta gani ba, kuma labarin jakunkunan kamfanin Takata ya isa ishara: zafi da laima suna lalata sinadarin da ke cikinsu, sai su fashe da ɓaraguzan ƙarfe, an rasa rayuka, an janye miliyoyin motoci, kamfanin ya karye a 2017. Akwai kuma ƙananan sitiyarin tsere da samari suke so. Suna da kyan gani, ban musa ba, amma duk wanda ya ɗaura irinsa ya cire jakar iskarsa ke nan, ya bar ƙirjinsa da ƙarfe. Ni ba zan yi wa motar da nake ɗaukar iyalina a ciki haka ba.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana lamba 10 ta kan batir, sukudireba mai bakin tauraro T30, soket na kwance noti lamba 19 da doguwar mariƙa, ƙaramin sukudireba mai faɗin baki, maka ta rubutu, da salatif. Idan za ka iya aro sifana mai awon ɗauri a gareji, ka aro. Waɗannan lambobi na Corolla ne. Wata motar nata daban.

Ka faka a wuri mai shafe, tayoyin gaba su miƙe sak, sitiyari a tsakiya. Kashe mota, ka cire kan batir mai alamar ragewa, ka kawar da wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa ba. Sannan ka jira. Toyota ta ce daƙiƙa 90, domin na'urar jakar iska tana riƙe ragowar wuta bayan an cire batir. Ni minti 10 nake ba ta, in sha ruwa in dawo. Jakar nan da ƙarfin fashewa take buɗewa, kafin ƙiftawar ido, kuma a lokacin fuskarka tana dab da ita.

A gefe da gefen sitiyarin, ta baya, akwai kusoshi biyu masu kan tauraro. Kwance su, jakar za ta saki. Jawo ta a hankali don wayoyi suna riƙe da ita. Soket ɗin jakar yana da ɗan makulli a bayansa. Ɗaga shi da ƙaramin sukudireba kafin ka zare, kada ka fizgi waya. Cire wayar oda ita ma. Ka kai jakar nesa da yara, ka ajiye ta tambarin Toyota yana kallon sama, kada ka ɗora mata komai. Kuma kada ka bari wani ya sa mata mitar gwajin wuta, ko da mai wayarin ne da ka yarda da shi, don ƴar wutar mitar tana iya tayar da ita.

Yanzu ga babban notin a tsakiya. Ƙanena ya riƙe sitiyarin da hannu biyu na kwance, saboda ba na son makullin sitiyari ya ɗauki wannan nauyi. Kada ka zare notin gaba ɗaya. Sassauta shi ka bar shi a bakin sandar da sitiyarin yake zaune a kanta, da zagaye uku ko huɗu. Da maka ka ja layi a kan sandar, daidai da saman sitiyarin. Sai ka kama dama da hagu, ka riƙa girgizawa kana ja zuwa ƙirjinka. Sitiyarin da ya shekara ashirin a wurinsa ba ya fita da lallami, lokaci ɗaya yake saki da ƙarfi, kuma notin da ka bari shi ne zai tare shi kada ya same ka a baki. Idan ya ƙi, akwai ƙarfen jan sitiyari a wurin makanikai. Guduma ba ta da aiki a nan.

Abin da zai bayyana bayan ka zare sitiyarin shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi lalatawa. Wani faifan roba ne mai siririyar waya a naɗe a cikinsa kamar zaren kaset, makanikai suna ce masa kulok sifirin. Ta cikinsa wuta take kaiwa ga oda da jakar iska yayin da sitiyari yake juyawa. Tsawon wayar ƙayyadadde ne, kusan zagaye 5, wato biyu da rabi kowane ɓangare. Idan ya juya ba ka sani ba ka ɗaura a haka, ranar da ka karya sitiyari har ƙarshe wayar za ta tsinke, oda ta mutu, fitilar jakar iska ta kama, jakar kuma ba za ta buɗe ba ranar da ake buƙatarta. Na taɓa ganin haka a motar maƙwabcina. Don haka ina cire sitiyari nake manne faifan da salatif. Idan kana shakka ko ya motsa, juya shi hagu da yatsa a hankali har ka ji ya fara tauri, ka dawo dama zagaye biyu da rabi, alamomin jikinsa su haɗu.

Idan tsohon sitiyarin yana da maɓallin da sabon ba shi da shi, yanzu ne za ka mayar. Cire salatif, zura wayoyin ta ramin sabon sitiyarin, ka zaunar da shi a kan haƙoran sandar daidai layin da ka ja. Haƙori ɗaya ka kuskure, za ka gan shi a karkace duk lokacin da kake tafiya miƙe. Ɗaure notin zuwa awo 50 na niyuton-mita, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri a jikin sifanar nan mai awo. Mayar da wayar oda da soket ɗin jakar, ka danna makullinsa har ya zauna, ka ɗaure kusoshin nan biyu.

Sai ka haɗa batir. Kunnawar farko ban zauna a kujerar direba ba. Daga gefe na miƙa hannu na murɗa makulli. Fitilar jakar iska a dashbod za ta kama kamar daƙiƙa 6 ta mutu. Idan ta zauna a kunne, kada ka yarda a cire mata ƙwai ko a rufe ta da baƙin salatif, ka kai a sa mata kwamfutar bincike. Gwada oda, gwada sigina ka ga tana komawa da kanta, juya sitiyarin dama da hagu har ƙarshe kana sauraron ko wani abu yana gogawa. Agogo da tashoshin rediyo sai ka sake saita su.

Washegari da safe na hau titin Zariya don in ga miƙewarsa. Ya ɗan karkata hagu kaɗan, abin da bai kai haƙori ɗaya ba, saboda haka ban sake kwancewa ba. Na kai wa mai alaimen, wato mai saita miƙewar tayoyi, ya daidaita shi ta tayarod, ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga taya. Tun daga lokacin, duk inda na faka a rana sai na shimfiɗa wa sabuwar fatar farin tawul.