Yadda Ango da Amarya Za Su Shirya Cin Amarci a Zanzibar

An gama biki, 'yan kai amarya sun watse, aljihun ango ya ji jiki. Idan da ɗan abin da ya rage, kuma kuna son kwana biyar ko shida da babu mai ƙwanƙwasa muku ƙofa, ni Zanzibar nake ba da shawara. Tsibiri ne na ƙasar Tanzaniya a tekun Indiya, mafi yawan mutanensa Musulmi ne, za ku ji kiran salla daga ɗakinku, abinci kuma ba zai zame muku abin fargaba ba.

Ku fara da takardu tun kafin a sa rana. Mai fasfo na Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema ta intanet ya jira amincewa, kuma jiran kan yi tsawo, don haka ku ba shi wata biyu. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Tun daga Oktoban 2024 hukumomin tsibirin suka wajabta wa kowane baƙo inshora ta dala 44, a biya kafin a iso. Fasfon amarya shi aka fi mantawa da shi cikin hidimar lefe, ango ka tuna.

Sai zaɓen lokaci. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi, ga iska mai sanyi. Jirgin Ethiopian Airlines yana ɗauka daga Kano ko Abuja, a sauya a Adis Ababa, a sauka filin jirgin Abeid Amani Karume.

Wajen masauki nake so ku natsu, domin nan ake yin kuskure. Kada ku kwashe kwanakin duka a wuri guda. Ku yi biyu a tsohon gari, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa za su tuna muku cikin birnin Kano, sai dai nan ƙofofin katako ne masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Bayan magariba ku gangara lambun Forodhani a bakin ruwa, inda ake gasa kifi da jatan lande a gabanku, a matse muku rake da citta da lemun tsami. Ku tambayi kuɗin kafin a ɗora a wuta.

Sauran kwanakin na bakin teku ne, kuma ba duk gaɓa ce ɗaya ba. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye nesa na sa'o'i, har ka ga mata sun shiga suna noman ciyawar teku. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma mai son shiga ruwa duk sa'ad da ya ga dama ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa. Kafin ku biya, ku rubuta wa otal ɗin ku tambaya ko namansu na halal ne, ko ɗakin yana nesa da mashaya, ko akwai gidan sauro. Ku kuma faɗa musu cewa ku sabbin aure ne, da yawa sukan ƙawata ɗaki da furanni.

Yawo kuwa, ɗaya a rana ya isa. Gonar kayan ƙamshi ita ce ba zan so amarya ta rasa ba: kanumfarin da take jefawa a shayi za ta gan shi a bishiyarsa, a ɓare mata ɓawon kirfa ɗanye ta sunsuna, ta ga masoro yana hawa itace kamar wake. Wata rana ku je dajin Jozani ganin jajayen birai, ko ku hau kwalekwale zuwa tsibirin Changuu wurin manyan kunkuru. Samarin da ke bin baƙi a bakin ruwa da tayin yawo, a ce musu "asante", wato na gode da Suwahili, cikin fara'a a wuce, a shirya ta hannun masauki.

Tsaraba ku bar ta sai ranar ƙarshe, a kasuwar Darajani da ke Stone Town, da shilin Tanzaniya a hannu. Zanen kanga bibbiyu ake sayar da shi, kowanne da magana rubuce a gefensa da Suwahili. Ku sa mai shago ya fassara muku kafin ku saya wa suruka.