Kurakuran da Masoya Kiɗan Rock Suke Yi Game da Jerin Waƙoƙin Dandamali

Da zarar an tashi daga wasan wata ƙungiyar rock, muhawara ɗaya ce ke tashi a bakin ƙofa: me suka rera, me suka bari? Wani ya fito bakinsa har kunne, wani kuma yana ƙunƙuni cewa an ci kuɗinsa a banza saboda ba a taɓa waƙar da ya zo dominta ba. Yawancin wannan ɓacin ran ana iya kauce masa tun kafin a sayi tikiti.

Babban kuskure shi ne ɗaukar ƙungiyoyin nan duk hali ɗaya. Akwai waɗanda canza jerin waƙoƙi a kowane dare shi ne jininsu. Grateful Dead ta Amurka ta yi wasa fiye da sau 2,300 tsakanin 1965 da 1995, kuma masoyanta suna bin ta gari zuwa gari ne saboda daren jiya ba ya kama da na yau. A 2017 ƙungiyar Phish ta yi dare 13 a Madison Square Garden da ke New York, ta rera waƙoƙi 237 ba tare da maimaita ko ɗaya ba. A ƙungiyar Pearl Jam, babban mawaƙinsu Eddie Vedder yakan tsara jerin ne ana dab da hawa dandamali. Akwai kuma waɗanda wasansu yake ɗaure da fitilu da manyan allunan bidiyo da wutar da ke tashi a daidai wani bugun ganga, duk an saita su da kwamfuta. Irin waɗannan, sauya waƙa ɗaya aiki ne na ma'aikata da dama, don haka ba lalaci ba ne in ka ga sun tsaya a kan tsari ɗaya. Gyaran mai sauƙi ne: shiga shafin setlist.fm, inda ake ajiye jerin waƙoƙin da aka rera a kowane wasa, ka duba darare uku ko huɗu na baya a wannan rangadin. Nan take za ka gane wace iri ce.

Sai dai kada ka wuce gona da iri wajen dubawar. In ka ga jerin ba ya canzawa, rufe shafin kafin ka haddace shi. Wanda ya san waƙar da za a buɗe da ita da wadda za a rufe ya rage wa kansa daɗin daren da hannunsa.

Wasu kuma ba sa karanta abin da aka rubuta a sanarwar rangadin. Metallica ta fara wani rangadi a Amsterdam a watan Afrilun 2023, inda take yin dare biyu a gari ɗaya, kuma waƙar da aka rera a daren farko ba a sake ta a na biyu. Wanda ya sayi tikitin dare ɗaya kawai, rabin abin ya gani, kuma tun farko an faɗa masa. A 2006 Iron Maiden ta riƙa rera sabon kundinta daga farko har ƙarshe, masu jiran tsofaffin waƙoƙi suka ji haushi. Idan sunan rangadin sunan sabon kundi ne, saurari kundin sau da yawa kafin ranar. Waƙar da ka sani ta fi shiga jiki a cikin taro.

Kuskuren da ya fi damuna na manyan masoya ne, waɗanda ke halartar dare biyar ko goma a rangadi ɗaya. Mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya yi suna wajen karɓar buƙatun da jama'a ke rubutawa a kwali suna ɗagawa, ya sauya tsari nan take. Da ya fito a 2023 da jeri kusan iri ɗaya kullum, sai ƙorafi ya yi yawa. Na fahimci ciwon, domin mutum ya kashe kuɗin jirgi da masauki yana fatan jin wata waƙa da aka daɗe ba a rera ba. Amma an gina wasan ne kamar labari a kan tsufa da rashin abokai. Yakan tsaya ya yi maganar George Theiss, abokinsa na ƙungiyarsu ta ƙuruciya, wanda mutuwarsa a 2018 ta bar shi shi kaɗai a raye cikinsu. Labari irin wannan ba a wargaza shi don faranta ran wanda ya riga ya ji shi sau tara. Kuma a gefenka akwai wanda ya daɗe yana tara kuɗi don wannan dare ɗaya tak, shahararrun waƙoƙin da ka gaji da su su ne mafarkinsa. In bambanci kake nema, zaɓi garin da za a yi dare biyu a jere, ko ƙaramin zaure maimakon babban filin wasa, can aka fi sakin jiki.

Ihun neman waƙa a lokacin da mawaƙi ya sassauta murya yana ɓata wa kowa. Rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, ka ɗaga tsakanin waƙoƙi, ka sauke don na bayanka su gani.

Akwai kuma batun lokaci. Wurare da yawa suna da ƙa'idar sa'ar da dole a kashe kiɗa saboda maƙwabta. A Hyde Park da ke Landan a watan Yulin 2012, an kashe wa Springsteen da Paul McCartney makirufo saboda sun zarce lokaci. Idan aka makara wajen farawa, akan tsallake waƙoƙi biyu ko uku da ke cikin jerin. Kai kuma kada ka ruga neman mota da zarar sun sauka karon farko. Jira har a kunna fitilun zauren gaba ɗaya, domin sukan dawo su ƙara rera wasu waƙoƙi, kuma sau da yawa a dawowar nan ta ƙarshe ake ajiye waƙar da kowa ke jira.