Yadda za ka tsare fili ko gida ko sito a Kwatano alhali kana zaune a Legas

Mu da muke zaune a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, da yawanmu muna da ɗan abin da muka kafa a tsallaken iyaka, wani fili ya saya a wajejen Seme, wani ɗakuna ya gina yana ba da haya a Akpakpa, wani kuma sito ne kawai yake riƙe da shi kusa da Zongo ko Misebo yana tara dilolin gwanjo. Duk wanda ka tambaya me yake tsoro sai ya ce maka 'yan fashi. To 'yan fashi akwai su, ba na musu, amma na daɗe ina bin hanyar nan kuma wallahi yawancin asarar da na gani da idona ta mutanenmu, mai abin ne ya yi nisa ya daina leƙawa, takardarsa kuma ba ta da ƙarfi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ga yadda nake yi da nawa, da abin da na koya a wahale.

Mataki na farko, takarda, kuma a nan zan daɗe don nan ne ake cin mutanenmu.

Kawuna ya sayi fili a yankin Seme-Podji, ya biya tas, aka ci aka sha aka yi addu'a. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 harkarsa ta can ta tsaya, sai ya daina zuwa gaba ɗaya, har aka buɗe a Disambar 2020 bai taka ba. Ranar da na raka shi muka isa, sai muka tarar da katanga ta kai ƙirji, ga tulin yashi, ga leburori suna kwaɓa siminti a tsakiyar filin. Kawu ya zaro wata takarda daga cikin leda, ta naɗe har ta fara yagewa a tsakiya, hannunsa na rawa. Na ce, "Kawu, su wa suka sa hannu a nan?" Ya ce, "Mai filin ne da ƙanensa, ga dillali ma shaida, ai mutanen kirki ne." Dangwalen yatsa uku ne da biro, babu hatimin kowa. Ashe filin gado ne na gida guda, 'ya'ya sun fi goma, biyu suka sayar wa Kawu, sauran suka sayar wa wani, shi kuma wancan ya bi ta ofis ya yi abinsa bisa ƙa'ida. Ban taɓa ganin dattijon nan ya yi shiru irin na ranar ba, har muka dawo Agege bai ce uffan ba.

Saboda haka kafin ka ba da ko sefa ɗaya, ka tambayi takardar da suke kira titre foncier, ita ce takardar mallaka ta ainihi a Jamhuriyar Benin. Ka karɓi lambarta ka je hukumar filaye ta ƙasar, ANDF, a duba maka sunan wa ke kai, kuma ko akwai rigima ko jingina a kanta. Takardar ciniki kawai tsakaninka da mai sayarwa ba ta isa ta tsaya maka a gaban alƙali ba in wani ya zo da wadda ta fi ta. Cinikin ka yi shi a gaban notaire, wato jami'in shari'a mai rubuta yarjejeniya ya buga hatimi, kuma kai za ka nemo shi da kanka, kar ka bi wanda dillali ya ce "akwai wani nawa". Haka ma safiyo, kai za ka ɗauko shi ya auna ya nuna maka duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya. In filin gado ne, sai an kawo shaidar cewa magada sun amince kuma wanda ke sayarwa shi suka wakilta, in aka fara ce maka "yayanmu yana tafiya amma ya yarda", tashi ka kaɗe rigarka.

Abu biyu da mutanenmu ke mantawa. Na ɗaya, kai baƙo ne a can ko da kuwa kana jin Zongo kamar Fagge. Dokar filaye ta ƙasar, ta shekarar 2013 wadda aka yi wa gyara a 2017, ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo wajen mallakar ƙasa, musamman ƙasar karkara, don haka tambayar farko da za ka yi wa notaire ita ce, ni ɗan Najeriya ina da damar mallakar wannan wurin da sunana ko kuwa hayar dogon zango ce ta halatta gare ni? Kar ka yarda da shawarar nan ta "a sa sunan wani ɗan ƙasa kawai", yau amininka ne, gobe ya rasu 'ya'yansa ba su san ka ba, takarda kuma sunan ubansu ta sani. Na biyu, komai da Faransanci ake rubutawa. Ka je da naka mai karatu, yaron da ya yi makaranta a can ko a Nijar, ya karanta maka layi-layi, kar ka ji kunya ka ce a maimaita. Rigimar fili ta yi yawa a ƙasar har sai da gwamnati ta kafa kotu ta musamman a kanta a 2022, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka girman abin. Mu nan Legas mun san omo onile, masu hawa filayen mutane da ƙarfi da sunan su ne 'ya'yan masu ƙasa, har jiha ta yi musu doka a 2016, to na can ba sa zuwa da sanduna da ihu, da murmushi suke zuwa da takarda.

Mataki na biyu, kar wurin ya zauna kamar marar mai shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko ba ka da kuɗin gini, ka zagaye shi da katanga ko da bulo huɗu ne, ka sa ƙofa, a rubuta da fenti da Faransanci cewa wurin nan ba na sayarwa ba ne, kamar yadda muke gani a bangayen Legas. In da hali ka yi ɗaki ɗaya ka ja wuta, mitar SBEE, kamfanin wutar can, ta fito da sunanka, ruwan famfo na SONEB ma haka, harajin fili ka riƙa biya kana adana rasit, duk ranar da magana ta tashi waɗannan ƙananan takardun suna nuna cewa kai ne ke riƙe da wurin. Kuma dan Allah kar ka fito da rumfa ko baranda ta ci bakin titi, a farkon 2017 an bi titunan Kwatano an rushe irin waɗannan ba sani ba sabo, mutane da yawa sun yi kuka.

Na uku, mutane. Da ɗan gari akan ci gari. Ka je ka gaida mai unguwa, shi suke kira shef kartiye, ya san fuskarka ya san wurinka. Ka gaida maƙwabcin dama da na hagu ko da ba addininku ɗaya ba ba yarenku ɗaya ba, ka karɓi lambarsu, in sallah ta zo ka aika musu da nama, tsohuwar da ke soya doya a ƙofar gida ta fi kowace kyamara sanin wa ya shiga wa ya fita. Ka gabatar da kanka ga limamin masallacin da ke kusa da dattawan Hausawa na Zongo. Sannan ka san komisariyar unguwar, wato ofishin 'yan sanda, tun 2018 aka haɗe 'yan sanda da jandarmomi suka zama rundunar Police Républicaine, ofishi ɗaya za ka nema, ka je tun babu matsala.

Na huɗu, maigadi, nan kuma ni aka ci. Na ɗauki wani yaro saboda ya ce daga wajen garinmu yake, ban nemi komai ba, jin Hausarsa kawai ya kwantar min da hankali. Na riƙe masa albashin wata biyu lokacin da kasuwa ta yi sanyi, laifina ne wannan na yarda. Wata Asabar aka kira ni aka ce an shiga sito. Na je na tarar kwaɗo lafiyarsa lau, ƙofa ba ko kwarzane, kwano ɗaya aka ɗaga ta baya daidai saitin inda dilolin suke, wanda bai san cikin ɗakin ba ba zai san nan zai ɗaga ba. Tabarmarsa da butarsa na nan, shi babu shi.

Yanzu ga ƙa'idata. Duk wanda zan ɗauka sai wani dattijo da aka sani a unguwar ya tsaya masa, in ɗauki hoton katinsa da hotonsa, a rubuta albashi a takarda. Kuɗinsa ina tura masa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ranar da muka yi alkawari, ko ni ban ci ba, don mai jin yunwa da makullin dukiya a gabansa jarrabawa ce ka ɗora masa. Makullin waje yana hannunsa, na cikin sito ba ya hannunsa. Akwai mutum na biyu da ke leƙa min wurin duk mako wanda ba abokinsa ba ne. Ba na faɗa wa kowa ranar da kaya za su sauka sai ranar, ba na kuma faɗin ranar da zan zo, wani lokaci in zo Talata wani lokaci in kwana biyu in sake dawowa. Zuwa da kai ya fi saƙo, bidiyon WhatsApp ana iya ɗaukarsa tun makon jiya.

Na biyar, ginin kansa. Ƙofar ƙarfe mai kauri, kwaɗon a cikin akwatin ƙarfe yadda almakashin ƙarfe ba zai kama shi ba, tagogi a yi musu walda, sannan rufin, a shimfiɗa rodi a ƙarƙashin kwano, darasin da na saya da tsada ke nan. Iskar teku tana cin ƙarfe a Kwatano fiye da yadda kake zato, kwaɗon da ka sa bara, bana da guduma ɗaya zai buɗe, ka riƙa sa masa mai kana canzawa. Fitila mai sola a gaba da baya, kyamara mai aiko hoto a waya in kana da hali, amma ka sa ta inda hannu ba ya kaiwa.

Wuta da ruwa ma ɓarayi ne. Kar ka yarda ɗan haya ko maƙwabci ya mayar da wurinka ma'ajiyar kpayo, man fetur ɗin nan na fasa-ƙwauri da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, komai kuɗin da zai ba ka. A watan Satumbar 2023 wani sito na irin man nan ya kama da wuta a Seme-Krake, mutum sama da 30 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Kasuwar Dantokpa ma ta sha mummunar gobara a 2015. Ka sayi tukunyar kashe gobara, ka kira mai wuta na gaske ya duba wayoyi. Garin kuma yana kwance ne tsakanin teku da tafkin Nokoue, unguwanni irin su Vossa da Agla ruwa na kwanciya a cikinsu da damina, gabashin gari kuma teku ya daɗe yana cin gaɓa. In za ka sayi wuri ka je ka gan shi a watan Yuni lokacin da ruwa ke zuba, kayan sito kuma kullum a kan katako, kar su taɓa ƙasa.

Na shida, kuɗi da hanya, wannan a taƙaice. Kuɗin haya kar ya bi ta hannun maigadi, a tura kai tsaye a ba da rasit. Kar ka ɗauko damin naira daga Mile 2 ka ce sai ka isa Seme ka canza a bainar jama'a, ka yi da ɗan canjin da ka sani ka karɓi sefa a can. Ka tashi da sassafe ka wuce Agbara da Badagry da Gbaji da rana tsaka, kar magariba ta same ka a hanya. Fasfo da katin rigakafin shawara su kasance a jikinka, ka bi ta ƙofar iyaka ta hukuma a buga maka hatimi, don in rigima ta kai ka gaban hukuma a can, tambayar farko ita ce ta ina ka shigo. Cikin gari ka hau zemijan, wato ɗan acaba, mai rigar rawaya da lamba a baya, jaka a gabanka, waya a aljihu, a cikin kasuwa kuwa 'yan sane ba sa wasa. Hajiyoyinmu masu sarin atamfa, ku ma wannan da ku nake.

Na bakwai, in abin ya riga ya faru. Ka ce kar kowa ya taɓa komai, a ɗauki hotuna, a kira 'yan sanda a 117, in gobara ce 118. Ka je komisariya da kanka da mai fassara ka shigar da ƙara a rubuce, ka karɓi shaidar cewa ka shigar, ka sanar da mai unguwa. Kar ka tara samari a je a kama wanda kake zargi a doke shi, a ƙasar mutane kake, kafin ka ankara kai ne a ciki shi yana waje. In fili ne aka hau, kar ka rushe abin da suka gina da hannunka, ka nemi lauya a ranar ya nemi a dakatar da aikin, in abin ya fi ƙarfinka akwai ofishin jakadancin Najeriya a Kwatano. Asalin takardunka kuma kar su kwana a gidan da ake rigima a kansa, nawa suna nan Agege a akwati, kwafi ɗaya yana wurin notaire, hotonsu yana wayata da wayar babban ɗana.