Kurakuran da Ke Kashe Risiba da Ɓata Sautin Hom Tiyata, da Yadda Ake Gyara Su

Abu uku ne suka fi kai risiba shagon mai gyara: wutar da ba ta dace da ita ba, zafi, da wayar da aka murɗa cikin gaggawa ranar da aka kawo kayan gida. Risiba ita ce akwatin nan mai nauyi da ke karɓar hoto da sauti daga dikoda, talabijin ko na'urar wasa, ta ƙara wa sautin ƙarfi, sannan ta raba shi ga lasifikoki. Mai kyau daga Yamaha, Denon, Onkyo, Marantz ko Sony tana iya yin shekaru masu yawa tana aiki. Abin takaici shi ne yadda mutum zai tara kuɗinsa da guminsa ya saye ta, amma ta mutu a makon farko saboda wani abu da duba na minti biyu zai hana.

Wuta

Kafin ka saka fulogi a bango, juya bayan risibar ka karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne. Ta Amurka da Kanada 120 ce, ta Japan kuma 100. Kayan hannu da ake shigowa da su, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, da dama daga Amurka suka fito, kuma a bayansu za ka ga an rubuta 120V kaɗai. Kuskuren da ake yi shi ne a sayi 'yar adafta da ke sauya siffar bakin fulogi, a ɗauka an gama. Adaftar nan ba ta rage wuta ko kaɗan. Abin da ke ruɗar mutane shi ne cajar waya da ta kwamfuta, waɗanda ke ɗauke da rubutun 100–240V, suna cin kowace wuta. Galibin risibobi ba haka suke ba. Wasu ƙalilan suna da ɗan maɓallin zaɓen bolt a baya, idan taka tana da shi ka tabbatar yana kan 220 ko 240. Idan babu, sai taransfomar rage wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitefdawun.

Ita ma sitefdawun ɗin ana kuskure wajen sayenta. Duba yawan wat ɗin da risibar ke ci, yana rubuce a bayanta, ka sayi wadda ta zarce shi sosai. Idan risiba tana cin wat 500, ni mai wat 1000 zan saya, don ƙarama za ta yi ta zafi tana shaƙe sauti duk lokacin da aka ɗaga murya. Sannan ka naɗe fulogin risibar da jan salatif a cikin sitefdawun ɗin, domin wata rana yaro ko mai shara zai zare shi ya mayar da shi bango kai tsaye.

Sai batun ɗaukewa da dawowar Nepa. Lokacin da wuta ta dawo shi ne mafi haɗari, domin takan zo da tsalle kafin ta daidaita. Da an ɗauke, a kashe soket. Sitabilaiza mai maɓallin jinkiri, wadda ke jira kaɗan kafin ta saki wuta, ta cancanci kuɗinta. Janareta ma haka: a bar shi ya tashi ya nutsu kafin a kunna risiba, a kashe risiba kafin a kashe shi, kuma kada a bar ta a kunne yana tari mai yana ƙarewa. Masu sola su lura cewa inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, takan sa taransfomar risiba gurnani da zafi. A nemi wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta.

Idan fiyus ya ƙone, a sa irinsa daidai, lambarsa tana jikinsa. Ɗaure shi da waya ko takardar gwangwani ya zama ruwan dare, kuma shi ne ke mayar da gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya zama mutuwar na'ura gaba ɗaya. In sabon fiyus ya sake ƙonewa nan take, akwai cuta a ciki, a kai wa mai gyara.

Zafi da ƙura

Risiba ta ramukan samanta take numfashi. Duk da haka za ka shiga falo ka tarar an ɗora dikoda a kanta, an ɗora na'urar faifai a kan dikoda, an kuma lulluɓe su duka da kyallen ado, a cikin kabet mai ƙofar gilashi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Yamai ke haura digiri 40, wannan kabet ɗin tanderu ne. Littattafan risibobin Yamaha da dama suna neman a bar sarari na santimita 30 a sama da 20 a gefe da baya. Ko ba ka samu haka ba, ka bar aƙalla faɗin tafin hannu, ka cire bayan kabet ɗin, ka bar ƙofar a buɗe in ana kallo. Ƙaramar fanka irin ta kwamfuta da ke zuƙe iska mai zafi daga sama tana taimakawa ƙwarai. Alamar zafi ya yi yawa ita ce risiba ta yi aiki lafiya na wani lokaci, sai ta kashe kanta, in ta huce ta dawo.

Kyalle yana da amfani, musamman da hunturu, amma sai an kashe ta ta huce. Ƙurar da ta taru a ciki tana riƙe zafi, in damina ta zo ta jiƙa ta kawo tsatsa. A zare fulogi, a share da buroshi mai laushi, a hura iska ta ramukan. Ban da ruwa, ban da kananzir, ban da fetur. Maɓallin murya da ke ƙaraf-ƙaraf in an murɗa yana buƙatar feshin wanke mahaɗar lantarki ne, ba man keke ba. Buɗe murfin kuma a bar wa wanda ya iya, saboda manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an zare fulogi. Kyankyaso da tsaka suna son ɗumin wurin, don haka kada a riƙa ajiye abinci a kusa.

Wayoyin lasifika

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya ya nutsu. Kowace lasifika tana da lambar om (Ω), wato ma'aunin yadda take tare wuta, a bayanta, yawanci 4, 6 ko 8, kuma bayan risiba yana faɗin mafi ƙarancin abin da za ta iya ɗauka, sau da yawa 6. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon wutar da lasifikar ke ja. Idan ka cusa wayoyin lasifika biyu masu om 8 a rami ɗaya, risiba za ta gan su a matsayin om 4. Biyu masu om 4 kuwa sun koma 2, kuma wannan nauyi ne da zai sa ta kashe kanta ko ta ƙone. Mutane suna yin haka ranar suna ko walima, don a samu ƙarin sauti a tsakar gida. Ka'idar ita ce rami ɗaya, lasifika ɗaya. Haka nan ƙananan lasifikokin da ke zuwa cikin kwalin hom tiyata na LG ko Samsung, da yawansu om 3 ko 4 ne, an yi su ne don nasu akwatin, ba don a ɗora wa wata risiba ba.

Idan risiba ta nuna Protect ko Check SP Wires ta mutu da zarar an kunna, kafin ka ɗauke ta zuwa kasuwa, haska bayanta da tocila. Sau da yawa silin tagulla guda ɗaya ne ya kuɓuce daga jan rami ya taɓa baƙin, ko ya taɓa ƙarfen jikinta. Zare wuta, cire dukkan wayoyin lasifika, kunna ta ita kaɗai. In ta tsaya, mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowane haɗi, har ka gano mai laifin. Feɗe waya kamar santimita 1 kawai, murɗe silin tam, kada a ga tagulla a waje.

Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a ɓangarorin biyu. Juya ɗaya ba zai ƙona komai ba, amma lasifika ɗaya za ta riƙa turawa yayin da ɗayar ke ja, sai kaurin sauti ya zirare, muryoyi su rasa matsaya a tsakiya. In alamar waya ta goge, cire ta daga risiba ka ɗan taɓa bakinta biyu da batirin rimot mai bolt 1.5. Idan faifan lasifikar ya turo waje, wayar da ke taɓa ɓangaren batirin mai alamar + ita ce ja.

Ba ka buƙatar waya mai tsada da zinare a baki. Wayar tagulla mai laushi ta masu wayarin, 1.5mm, ta isa falo na yau da kullum, 2.5mm kuma in tafiyar ta wuce mita 15. Sai dai ka kankare ta ka gani: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa tagulla.

Inda ake ajiye su

Kuskuren da ya fi yawa, kuma gyaransa kyauta ne, shi ne jera lasifikoki biyar duka a gefen talabijin don ado. Wanda ya yi haka ya biya kuɗin biyar yana jin biyu. Ta hagu da ta dama su kasance nesa da juna kusan daidai da nisanka da kowace ɗaya, suna fuskantarka, a tsayin kunnenka in kana zaune. Ta tsakiya, wadda ke ɗauke da yawancin maganar 'yan fim, a ƙarƙashin talabijin ko samansa, a bakin kabet, ba a cusa ta can ciki ba. Biyun kewaye a gefenka, sun ɗan koma baya, sun ɗan fi kunne tsayi. Falon da ke da tayil da bangon siminti tsirara yana mayar da amo, kafet da labule masu kauri za su gyara shi fiye da sabuwar lasifika.

Ufa kuwa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mafi kauri, tana da dabara mai sauƙi. Ɗora ta a kujerar da kake zama, saka kiɗa mai kauri, ka zagaya gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji sautin ya fito a tsare, ba ruri ba, nan ne gurbinta. Kusurwa tana ƙara mata ƙarfi amma takan sa ta yi ta dum-dum maras ma'ana. Maɓallin muryarta ya tsaya wajen rabi.

Saiti

A cikin saitin risiba za a tambaye ka ko lasifikokinka Large ne ko Small. Kowa yana zaɓar Large saboda yana ganin tasa babba ce. Amma tambayar ba ta girman jiki ba ce, a kan wanda zai ɗauki sauti mafi kauri take. In kana da ufa, zaɓi Small, ka sa mararrabar (Crossover), wato inda ufa ke karɓar sauti daga sauran lasifikoki, a 80Hz, ko 120Hz in lasifikokin 'yan ƙanana ne. Risiba za ta samu sauƙi, ta rage zafi, magana ta fito tas.

'Yar makirfon da ke cikin kwali, wadda ake jefarwa tare da leda, ita ce ke auna ɗakinka. Denon da Marantz suna kiran tsarin Audyssey, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC. Kafa ta a inda kanka yake in ka zauna, kada ka riƙe a hannu, kashe fanka, ka zaɓi lokacin da janaretan maƙwabci ya yi shiru. In bayan haka magana tana nutsewa cikin ƙarar fim, ƙara wa lasifikar tsakiya 2 ko 3dB (ma'aunin ƙarfin sauti) maimakon ɗaga muryar duka.

Wajen haɗa talabijin, rami ɗaya ne kawai cikin ramukan HDMI ke mayar da sauti zuwa risiba, wanda aka rubuta ARC ko eARC a gefensa. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da 2.1 a 2017. Bayan haɗawa, sai an kunna CEC, tsarin da ke sa talabijin da risiba su fahimci juna ta HDMI, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Fitar sautin talabijin ko dikoda in tana kan PCM galibi tashoshin sauti biyu, hagu da dama, za ta ba ka, mayar da ita Auto ko Bitstream. Wayar nan mai ja da fari ba ta ɗaukar sautin 5.1, wato na lasifika biyar da ufa, ko da me aka saita. Kuma in lasifikokin baya sun yi shiru lokacin waƙa, karatu ko yawancin bidiyon YouTube, lafiyarsu ƙalau, sautin ne aka ɗauka da tashoshi biyu. Danna Dolby Surround, Pro Logic II ko All Channel Stereo in kana so su yi magana.

Wani gurnani mai "huuum" da ba ya tafiya yakan biyo wayar dish ne. Cire ta daga dikoda, in ya ɗauke ka gano tushensa. Haɗa dukkan kayan a soket mai tsawo guda ɗaya, in bai isa ba a sa 'yar na'urar da ake kira Ground Loop Isolator a kan wayar dish ɗin. Kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi, ita ce ke kare ranka in wuta ta zubo jikin ƙarfe. Da damina, in hadari ya haɗu, zare wayar dish da fulogi duka, domin kashewa da rimot ba ya tare tsawa.

Saura batun murya. Rubutun 5000W PMPO a jikin kwali talla ce, lambar RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai, ita ce abin dubawa, kuma ninka wat sau biyu 3dB kawai yake ƙarawa, wanda kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Ƙaramar risiba da aka ƙure wa murya ta fi babba saurin ƙona lasifika, domin in ƙarfinta ya ƙare sai ta riƙa fitar da sauti a yanke, wannan kuma yana gasa 'yar ƙaramar lasifikar da ke fitar da sauti siriri. Da ka ji sauti ya fara kaushi ko tsatstsagewa, rage nan take, ka kuma mayar da maɓallan Bass da Treble tsakiya idan an ƙure su.